Ƙanin mijina yana so in kai yarana gidan marayu a birni

Assalamu alaikum, Hajiya. Ni bazawara ce a wani ƙauye da ke ƙaramar hukumar Albasu, kuma ɗan yayata ne ya rubuta mini wannan saƙo a wayarsa. Maigidana ya rasu bara da kaka, ya bar ni da 'ya'ya huɗu: mace mai shekara 11, namiji mai shekara 8, mace mai shekara 5, da auta namiji wanda ko yaye shi ban yi ba. Ni kaɗai ce matarsa, mahaifinsa ya daɗe da rasuwa, mahaifiyarsa tana nan da rai. Ƙaninsa ne yake noma gonar da ya bari, yakan aiko mana da hatsi idan ya ga dama, kuma yanzu abin da ke rumbu ya ƙare. Kwanan baya ya zo da wani mutum wanda ya ce yana da hanya a wani gidan marayu a Kano, za a ɗauki ƙananan biyu a ciyar da su, a tufatar da su, a sa su makaranta kyauta, muddin na dangwala hannu a takarda. Akwai kuma mai nemana da aure, amma ya ce ba zai iya riƙe agola huɗu ba. Mahaifiyata tana ƙauyen da ke kusa da mu, sai dai ita ma ba ƙarfi gare ta ba. Hankalina bai kwanta ba, amma ina tsoron kada son kaina ya hana yaran alheri. Ki ba ni shawara.

Wa'alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya jiƙan maigidanki, ya kyautata makwancinsa, ya raya abin da ya bari.

Kafin komai, kada ki dangwala hannu a takardar nan, kuma kada ki bari ko yaro ɗaya ya shiga mota da mutumin nan, ko da baffansu ne ya ce zai raka su. Ba ina cewa mugu ne ba, mai yiwuwa da kyakkyawar niyya ya zo, amma hanyar da ya biyo ba ita ce hanyar da ake shigar da yaro gidan reno ba. Gidan da yake aiki bisa ƙa'ida ta hannun hukuma yake karɓar yara, ba ya tura dillali ƙauye ya nemo masa su kamar mai sayen gyaɗa. Mutanen Kano ba su manta da abin da ya bayyana a watan Oktoba na 2019 ba, lokacin da 'yan sanda suka gano yara tara da aka sace daga Kano aka kai su Onitsha ta jihar Anambra, har an sauya musu sunaye, kuma a 2021 babbar kotun jihar Kano ta yanke wa jagoran masu satar ɗaurin shekara 104. Waɗancan sace su aka yi, shi ya sa aka samu abin kamawa. Yaron da uwarsa ta dangwala hannu a takardar da ba ta san abin da ke cikinta ba, ƙwato shi ya fi wuya, domin duk inda aka je da maganar takardar za a fito da ita.

Mutanenmu na karkara da yawa suna ɗaukar gidan marayu tamkar makarantar kwana ce wadda ba a biyan kuɗi, kuma ina zaton haka aka siffanta miki shi. A Kano gwamnati tana da gidan yara na Nassarawa ƙarƙashin Ma'aikatar Harkokin Mata, kuma irin yaran da aka tanade shi dominsu su ne jariran da aka tsinta an yar, da yaran da suka ɓata aka rasa iyayensu, da waɗanda hukuma ta tabbatar babu wani nasu da zai iya riƙe su. Akwai kuma gidaje na ƙungiyoyi da na masu zaman kansu, wasu na kirki ƙwarai, wasu kuwa suna ne kawai da allo a bakin ƙofa. Naki yaran suna da uwa mai lafiya, suna da kakanni mata biyu, suna da baffa, kuma suna da gona. A shari'a marayu ne tun da ubansu ya rasu ba su balaga ba, amma ba marasa kowa ba ne, kuma domin marasa kowa aka gina waɗancan gidaje.

Bari in gaya miki abin da gidan kirki zai iya yi da abin da ba zai iya ba. Zai iya ba yaro abinci sau uku, da katifa, da gidan sauro, da kayan makaranta, kuma ban raina ko ɗaya daga cikinsu ba, domin wanda bai taɓa kwantar da yaro da yunwa ba bai kamata ya yi wa uwa wa'azin haƙuri da arha ba. Sai dai masu reno ma'aikata ne, suna yin aikin ne karɓa-karɓa, wadda ta yi wa yaro wanka da safe ba ita ce za ta lallashe shi da dare ba, kuma mace ɗaya takan kula da yara masu yawa a lokaci guda, komai tausayinta. Na sha bin masu kai sadaka irin waɗannan gidaje a watan azumi, kuma abin da yake tsaya mini a rai shi ne yadda ƙaramin yaro zai rugo ya ƙanƙame baƙon da bai taɓa gani ba, ya ƙi sakinsa. Masu ziyara sukan ce yaron yana da son mutane. Ke kin san ɗan da yake da uwa ƙyuya yake yi idan ya ga baƙo, ya ɓuya a bayan zanenta, saboda ya san wace ce tasa. Wanda ya rungumi kowa, bai samu mutum ɗaya da zai ce nasa ba ne.

Wannan ya fi tsanani a kan autanki. A ƙasar Romaniya, inda aka taɓa tara dubban yara a gidajen gwamnati, masana sun fara wani bincike a shekarar 2000 a kan yara 136 da ke gidajen reno na birnin Bukarest: aka mayar da rabinsu hannun iyalai suka riƙe su, aka ci gaba da bibiyar dukkansu shekara da shekaru. Waɗanda aka mayar cikin iyali sun fi waɗanda aka bari a gidajen reno kaifin fahimta da shaƙuwa da masu renonsu, musamman waɗanda aka fitar kafin su kai kimanin shekara biyu. Ƙa'idojin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 2009 kan renon yaran da ba sa hannun iyayensu sun bi wannan layi: yaron da bai kai shekara uku ba a cikin iyali ya kamata a rene shi, 'yan'uwa kada a raba su sai da dalili mai ƙarfi, kuma talauci shi kaɗai bai isa hujjar raba yaro da iyayensa ba, alama ce ta cewa gidan yana bukatar tallafi. Tayin da aka yi miki ya saɓa wa dukkan ukun, domin mai shan nono ake so a ɗauka, a raba shi da yayyensa, kuma ba don komai ba sai don hatsi ya ƙare.

To, me ya sa hatsin ya ƙare alhali akwai gona? A nan nake so ki tattara hankalinki, domin a ganina matsalarki ta gado ce, maganar gidan marayu daga baya ta shigo. Bisa yadda kika bayyana magadan, bayan an biya bashin mamaci an kuma fitar da wasiyya idan ya bari, in aka kasa dukiyarsa gida 24, ke kina da kashi 3, wato tumuni, mahaifiyarsa tana da kashi 4, wato sudusi, ragowar kashi 17 kuwa na yaran ne, namiji ya ɗauki rabon mata biyu. Ƙanin mamaci ba ya cin gado matuƙar akwai ɗa namiji. Idan gonar gandu ce da suka gada daga mahaifinsu ba a taɓa rabawa ba, sai a fara fitar da rabon maigidanki tukuna, sannan a yi wannan lissafi a kansa. Ko ta yaya aka juya, hatsin da ake aiko muku ba kyauta ba ne, amfanin gonarku ne, kuma gargaɗin da ke aya ta 10 ta Suratun Nisa'i a kan cin dukiyar maraya babu limamin ƙauyen da bai haddace shi ba.

Ban faɗi haka domin ki tsaya a tsakar gida ki yi wa ƙanin mijinki lissafi ba. Baffan yaran ne, za su bukace shi ranar aurensu, kuma shi ma yana da iyali, ya zuba ƙarfinsa da kuɗin takinsa a gonar, saboda haka yana da haƙƙin wahalarsa. Ki kira wanki ko ƙaninki, kawun yaran, ya je wurin liman da mai unguwa, a zauna da baffan da mahaifiyarsa cikin mutunci, a nemi a raba gadon, ko aƙalla a nuna iyakar rabon marayu a gaban shaidu. Idan shi zai ci gaba da nomawa, babu laifi, amma a rubuta dami nawa ko buhu nawa zai riƙa bayarwa duk kaka, ko a bayar da ita haya ga wanda zai biya a kan lokaci. Idan zaman gida bai warware ba, a kai wa dagaci, idan nan ma ta ƙi, kotun shari'a tana raba gado kuma alƙali yana da ikon naɗa wanda zai kula da dukiyar marayu har su mallaki hankalinsu. Ki kuma yi la'akari da wani abu da ba a cika faɗa ba: yaron da ya tashi a birni bai san iyakar gonar ubansa ba, kuma bayan shekara goma sha biyar dattawan da suka san iyakar ƙila sun kwanta dama. Zaman yaran a garin ubansu yana daga cikin abin da zai tsare musu gadonsu.

Game da mai nemanki, ban ga laifinsa ba da ya faɗi gaskiya tun yanzu, ya fi wanda zai yi alkawarin riƙe huɗu sannan bayan wata uku ya fara ƙirga lomar da suke kaiwa baki. Amma zaɓin ba tsakanin gidansa da gidan marayu kaɗai yake ba. A mazhabar Malikiyya, wadda kotunanmu suke hukunci da ita, uwa ce mafi cancanta da riƙon 'ya'yanta, namiji har ya balaga, mace har ta tare a gidan miji, kuma idan uwa ta auri wanda ba dangin yaran ba, riƙon yana komawa ga mahaifiyarta, bayanta kuma 'yan'uwanta mata, kafin a zo kan dangin uba. Ke nan baffa ba shi da hurumin yanke inda za a kai su shi kaɗai. Kin ce mahaifiyarki ba ƙarfi gare ta ba, amma abin da ya gagare ta ciyarwa ce, kuma idan hatsin gonar yaran yana bin su duk inda suke, tsohuwa da jika mai shekara 11 za su iya tafiyar da gida. Ki tambayi mutumin nawa zai iya riƙewa, ki sa sharaɗin cewa auta yana bayanki, kuma ki jinkirta ɗaurin auren har a gama maganar gado, domin matar da ta tare a wani gida muryarta takan yi rauni a gidan da ta baro.

Kafin kaka ta yi akwai 'yan makonni masu wuya, kuma su ne suka fi hatsari, saboda a cikinsu ne uwa takan amince da abin da ba za ta amince da shi ba in da tuwo a tukunya. Ki bar kunya ki sanar da liman halin da kuke ciki tun yanzu, domin a sa ku cikin waɗanda za a ba zakkar hatsi, dami ɗaya cikin goma da manoma suke fitarwa a noman damina, kuma a nema muku rancen 'yan kwanuka daga masu hali a biya da kaka. Jihar Kano tana da Hukumar Zakka da Hubusi, dagaci ko hakimi zai iya miƙa sunanku. Autan kuma ki kai shi asibitin da ya fi kusa a auna damtsensa, domin tamowa takan fara shiga yaro a irin wannan lokaci uwa ba ta ankara ba. Idan wani daga dangi ya ce zai ɗauki ɗaya riƙo, wannan al'adarmu ce kuma ta rufa wa marayu da yawa asiri, sai dai ki yi hattara da babbar, saboda 'yan mata masu shekarunta ne ake kaiwa birni da sunan riƙo a ƙare da aikatau ko talla. Duk wanda zai ɗauke ta, ya kasance gidan da za ki iya shiga ba tare da neman izini ba, kuma makarantarta ta ci gaba.

Duk da haka ba zan ce miki gidan reno haramun ne ba. Akwai uwar da ciwo ya kwantar, akwai wadda ba ta da kowa, akwai yaron da zamansa a gida ya zama hatsari gare shi, kuma ga irin waɗannan gidan kirki rahama ne. Idan Allah ya ƙaddara kika kai wannan matsayi, ki shiga ta ƙofar hukuma. Ki fara da ofishin jin daɗin jama'a da ke sakatariyar ƙaramar hukumarku, tare da mai unguwa ko wakilinsa, su kuma su haɗa ki da Ma'aikatar Harkokin Mata, wadda ita ce take yi wa gidajen yara rajista take kuma sa ido a kansu. Kano ta samu dokarta ta kare yara a watan Mayu na 2023, saboda haka tambayar takardun gida haƙƙinki ne, ba rashin kunya ba ne. Ki je da ƙafarki ki ga wurin kafin yaro ya je, domin gani ya kori ji, kuma ki je ranar da ba a sa ran zuwanki. Kada ki tsaya a ofis inda aka shimfiɗa darduma domin baƙi. Ki nemi ganin ɗakin kwana, da madafa, da banɗaki, ki tambayi yara nawa mai reno ɗaya take kula da su, wa yake kwana da su, wane asibiti ake kai su, wace makaranta suke zuwa, wa yake koya musu salla da karatun allo, da yadda ake hora wanda ya yi laifi. Ki dubi jikin yaran da ke wurin da idanunsu, su za su ba ki amsar da ta fi ta shugaban gidan. Duk gidan da ya ce iyaye ba sa ziyara domin kada yaro ya ƙi sabawa, ki juya tun daga nan. Gidajen mari da aka fasa a 2019, irin na unguwar Rigasa a Kaduna inda aka fito da mutum fiye da 300, manya da yara, mafi yawansu iyaye ne suka kai su da hannunsu, kuma ƙofar da aka rufe wa iyayen ce ta ɓoye abin da ake yi a ciki.

Takarda kuwa, wani naki mai ilimi ya karanta miki ita da Hausa daga farko har ƙarshe, a bayyana a cikinta cewa ajiya ce ta wani lokaci, a rubuta ranar da za a sake duba lamarin, a rubuta cewa ba za a mayar da yaro wani gari ko a ba wani shi ba sai da saninki da na hukuma, kuma a ba ki kwafinki. Sunan ubansa ya zauna yadda yake, kamar yadda aya ta 5 ta Suratul Ahzab ta yi umarni a kira yara da sunan ubanninsu. Ki yi wa kowane yaro takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, ki riƙe ta asali a wurinki tare da katin rigakafi da hoton da kuka ɗauka tare. Wannan ma ki yi shi ko da babu inda za su je. Yaro mai wayo kada a yaudare shi da cewa kasuwa za a je a dawo, a gaya masa inda za shi da dalili da ranar da za ki zo, kuma ranar nan ki zo ko da kuɗin motar rance ne, domin yaron da aka saɓa wa alkawari sau biyu yakan daina jira. Ki roƙa a riƙa ba ki shi hutun makaranta da na salla ya zo ya ga 'yan'uwansa da kakanninsa. Idan kika ga ya rame, ko ya koma fitsarin kwance, ko ya yi shiru ba kamar da ba, ko yana firgita idan wani ma'aikaci ya matso, ki keɓe da shi ki saurare shi, sannan ki kai maganar wurin jami'in da ya shigar da shi, ba wurin mai gidan kaɗai ba.

Abin da nake so ki yi a wannan mako kaɗan ne. Ki aika a kira kawun yaran ya zo kafin Juma'a, domin ya samu liman da mai unguwa bayan an sauko daga masallaci. Idan ƙanin mijinki ya sake tayar da maganar, ki ce masa cikin ladabi kin gode da damuwar da ya yi da yaran, amma kina so mutumin ya rubuto sunan gidan, da unguwar da yake, da lambar rajistarsa, kuma ya bar takardar a hannunku a karanta. Ɗan yayarki da ya rubuto wannan saƙo ya ɗauki bayanan ya kai ofishin jin daɗin jama'a a bincika, sannan ya sake rubuto mini yadda zaman gadon ya kasance.